Yadda Za Ka Kare Sirrinka Tun Kafin Wayarka Ta Bar Hannunka

Darasinmu na yau a kan kare sirri ne, kuma mun tsara shi musamman domin matasan da ke riƙe da wayar Android a yankin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, duk da cewa kowa a Najeriya zai iya aiki da shi. Sunayen wuraren da za ka taɓa a cikin waya mun bar su yadda suke a rubuce, tunda yawancin wayoyinmu da Turanci suke.

Idan aka ce satar bayanai, hankalin mutane da yawa kan tafi wurin wani gwanin kutse da ke zaune gaban kwamfuta a Turai. Akwai irinsu, amma ka fara ƙirga hannayen da wayarka ke bi a mako ɗaya: mai cajin da kake bar wa ita tun safe saboda babu wuta, mai tura fina-finai da waƙoƙi, mai gyara, mai POS da kake miƙa wa ya ga shaidar kuɗin da ka tura, da abokin da ya ce ara mini in yi kira. Galibinsu mutanen kirki ne masu neman halalinsu, sai dai mutum ɗaya marar amana ya isa ya jefa ka cikin da-na-sani. Don haka ƙa'idar darasin nan ɗaya ce: ka shirya wayarka tun tana hannunka, ta yadda ko ta faɗa hannun wani ba zai samu komai ba.

Me ya sa maganar ta fi nauyi a yankinmu?

Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin jihar Zamfara. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne raba 'yan bindiga da masu kai musu bayanai. An dawo da sabis a Gusau ranar 1 ga Oktoba, sauran wurare kuwa sai da suka ƙara jira. Wannan ya nuna mana cewa a nan, bayanin da ke yawo ta waya abu ne da ke taɓa rayuka.

A watan Maris na 2025 an sace mutane sama da 50 daga garin Banga da ke ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, kuma a watan Yuli aka tabbatar da kashe fiye da 30 daga cikinsu duk da an biya kuɗin fansa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Kulle waya ba zai kawo ƙarshen wannan masifa ba, wannan aikin hukuma ne. Amma a wurin da ake yanka wa mutum kuɗin fansa gwargwadon abin da ake zaton shi ko danginsa suna da shi, abubuwa uku sun zama masu tsada: nawa gare ka, su wane ne naka, kuma ina za ka bi gobe. Duka ukun nan suna cikin wayarka, a saƙonnin banki, a jerin lambobi, da kuma abin da kake ɗorawa a WhatsApp da Facebook.

Mataki na 1: Ka sa wa layinka makulli

Da yawa suna kulle waya su bar layi a buɗe, alhali layin ne mabuɗin komai. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma layin nan ne ke haɗe da BVN ɗinka da asusun bankinka. Ɓarawo ba ya buƙatar buɗe wayarka. Zare layin kawai zai yi ya sa a ƙaramar waya mai madannai, ya danna lambobin da kowa ya sani na duba BVN da NIN, kuma duk lambar tabbatarwa da banki zai turo a hannunsa za ta sauka.

Maganin wannan shi ne fin na layi. Shi wannan fin a jikin layin yake zama, don haka duk wayar da aka sa layin a ciki sai ta nemi fin ɗin kafin sabis ya kawo. Ga yadda ake yi:

1. Shiga Settings, ka rubuta "SIM lock" a wurin bincike da ke sama. A Tecno, Infinix da Itel galibi yana ƙarƙashin Security.
2. Kunna "Lock SIM card". Za ta nemi fin ɗin da layin ya zo da shi daga kamfani. Idan ba ka san shi ba, kada ka yi ta canka, kira 300 ka tambayi kamfanin layinka.
3. Shiga "Change SIM PIN" ka sa sabon fin da kai kaɗai ka sani.

A kula: idan ka yi kuskuren fin sau 3, layin zai rufe ya nemi lambar PUK mai alƙaluma 8, wadda ke jikin katin da aka ɓalle layin daga ciki. Idan ka yi kuskuren PUK sau 10, layin ya mutu sai dai a yi maka sabo. Saboda haka nemo katin nan kafin ka fara.

Abu biyu kuma game da layi. Kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista, kuma kada ka yi wa kowa rajistar layi da NIN ɗinka, domin duk abin da aka aikata da layin sunanka zai fito. Danna *996# don duba matsayin haɗin layinka da NIN. Sannan idan ka daina amfani da wani layi, je banki a cire shi daga asusunka, saboda kamfanoni kan sake sayar da layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba, sabon mai shi kuma ya riƙa karɓar saƙonnin bankinka.

Mataki na 2: Ka gyara makullin allo

Zanen da ake ja da yatsa ya fi kowane makulli sauƙin ganewa. Wanda ke zaune kusa da kai a mota kallo ɗaya zai yi ya haddace, kuma sau da yawa maiƙon yatsa kan bar sawun zanen a kan gilashi. Koma amfani da lamba mai alƙaluma 6 ko fiye. Kada ta zama shekarar haihuwarka, ko ƙarshen lambar wayarka, ko fin ɗin katin ATM ɗinka.

Bayan haka shiga Notifications ka hana saƙonni bayyana a allo lokacin da waya ke kulle. Ina amfanin makulli idan lambar da banki ya turo tana fitowa ɓaro-ɓaro a sama? Ka kuma saba da goge saƙonnin shigar kuɗi bayan ka karanta. Duk wanda ya karɓi wayarka da ƙarfi, nan zai fara dubawa, kuma tsohon saƙon kuɗin makaranta ko kuɗin amfanin gonan da mahaifinka ya sa aka turo ta asusunka zai iya sa a ɗauke ka mai hali.

Idan za ka ara wa wani waya ya yi kira, akwai "App pinning" ko "Screen pinning" a ƙarƙashin Security. Yana tsayar da waya a kan manhaja ɗaya, ba a fita daga cikinta sai da lambarka. Haka kuma tun ƙarshen 2024 Google ya kawo "Theft Detection Lock" a wayoyi masu Android 10 zuwa sama, wanda ke kulle allo da kansa idan ya ji alamar an fizge wayar an ruga da ita.

Mataki na 3: Wurin caji, wurin gyara da wurin tura fim

Kafin ka miƙa wa mai caji wayarka, kashe ta gaba ɗaya. Wayoyin Android na yanzu idan aka kashe su bayanan ciki kan kasance a sarƙe har sai an sa lambar sirri, ga shi kuma cajin ya fi saurin cika. Cire memori ka tafi da shi, domin makullin allo ba ya kare memori. Ana zare shi a sa a wata wayar a ga komai.

Wurin gyara ya fi buƙatar taka-tsantsan. Cire layi da memori tun daga gida. Idan canjin gilashi ne ko wurin caji, mai gyara ba ya buƙatar lambar buɗe wayarka, ka buɗe masa da kanka lokacin gwaji. In da hali ka zauna har a gama. Masu sababbin wayoyin Samsung suna da "Maintenance mode", wanda ke ɓoye hotuna da saƙonni har sai ka dawo. Ka kuma sani cewa hoton da ka goge bai tafi ba tukuna, yana zaune a kwandon shara na manhajar hotuna har kwana 30 ko fiye. Shiga "Recently deleted" ko "Trash" ka share shi daga can.

Manyanmu za su tuna yadda a shekarar 2007 wani ɗan gajeren bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya bazu daga waya zuwa waya, ya girgiza masana'antar fina-finan Hausa har aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni. A lokacin babu WhatsApp, babu TikTok, Bluetooth kawai ake da shi. Yau abin da ya fita, cikin awa ɗaya ya gama gari. 'Yan'uwa mata, wannan ya fi shafarku, don ku aka fi yi wa barazana da hotuna. Kada ki dogara da hoton nan da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace, domin ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Hoton da ba ki son mahaifinki ya gani, mafi aminci shi ne kada a ɗauke shi.

Wurin masu tura fina-finai kuwa, ware memori ɗaya na fim da waƙa kawai, shi za ka riƙa ba su maimakon wayar. Kada ka bari a sa maka manhajar da ba ka nema ba, musamman GB WhatsApp da ire-irensa. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, babu mai ba ka tabbacin inda saƙonninka ke bi, kuma kamfanin na rufe asusun masu amfani da su. Idan za ka sayar da waya ko ka yi musanye, fara cire asusunka na Google, sannan ka yi "Factory reset".

Mataki na 4: Ka tsare WhatsApp ɗinka

Hanyar da aka fi ƙwace WhatsApp ba ta buƙatar wata ƙwarewa. Wani zai kira ka da sallama da ladabi, ya ce shi ɗan gurufinku ne na tsofaffin ɗalibai ko na ƙungiyar gari, za a yi taro ta intanet ko za a raba tallafi, an turo maka lamba 6, karanto masa. Lambar nan ita ce ta buɗe WhatsApp ɗinka a wayarsa. Kana faɗa, an fitar da kai, shi kuma ya shiga bin 'yan'uwanka da abokanka yana roƙon kuɗi da sunanka.

Yi waɗannan yanzu:

1. Settings, Account, "Two-step verification". Sa fin mai alƙaluma 6 da adireshin imel. Ko an samu lambar da aka turo maka, sai an nemi wannan fin ɗin.
2. Duba "Linked devices". Idan ka ga wata na'ura da ba ka sani ba, fitar da ita. Minti ɗaya da wayarka a buɗe ya isa wani ya haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutarsa ya riƙa karanta hirarka daga nesa.
3. A ƙarƙashin Privacy, mayar da hoton fuska, sitatus da Groups zuwa "My contacts", don kada baƙo ya ga hotonka ko ya jefa ka gurufin da ba ka sani ba.

Mataki na 5: Kada ka tallata inda kake

Baki shi ke yanka wuya, in ji Hausawa, yanzu kuwa yatsa ya karɓi aikin baki. "Gobe sai Gusau in sha Allahu." "A hanyar kasuwar Shinkafi." Hoton sabon babur da lambarsa a fili, ko bidiyon TikTok da ke nuna ƙofar gidanku da garken shanu a baya. Kai nishaɗi kake yi, amma ba ka san duk masu kallo ba. Gurufin WhatsApp ɗaya na iya ɗaukar mutum 1,024, kuma babu wanda zai rantse ya san kowa a gurufin gari. Ka bari sai ka isa, ko ma sai ka dawo, sannan ka ɗora. Labarin zirga-zirgar jami'an tsaro, ko sunan wanda ya bayar da gudummawa mai tsoka, ko maganar kuɗin da ake tarawa don karɓo wani, duk ba na guruf ba ne.

A cikin waya kuma, shiga saitin kyamara ka kashe "Location tags" ko "Geotagging", domin yana liƙa wa kowane hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi. Sannan shiga "Permission manager" ka ga manhajojin da ka ba izinin ganin wurin da kake, da lambobinka, da makirfo. Manhajar tocila ko ta gyaran hoto ba ta da abin yi da jerin lambobinka. A Android 12 zuwa sama, wani ɗan ɗigo kore kan bayyana a saman allo duk lokacin da wata manhaja ke amfani da kyamara ko makirfo.

Akwai lokacin da nuna wuri ke da amfani. Idan za ka bi hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko Zurmi, za ka iya tura wa mutum ɗaya da ka amince da shi "Live location" ta WhatsApp na minti 15, awa 1 ko awa 8. Bambancin shi ne kai ka zaɓi wanda zai gani da tsawon lokacin.

Mataki na 6: NIN da BVN ba kayan sayarwa ba ne

Manhajojin bayar da bashi sun kunyata mutane da yawa. Kafin su ba ka naira dubu 10 sai sun nemi izinin shiga lambobinka, ranar da ka yi jinkirin biya kuma su tura wa surukanka da malamanka saƙon cewa kai macuci ne. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko naira miliyan 10 kan irin wannan, a watan Maris na 2022 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas. Daga 31 ga Mayu 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store shiga hotuna da lambobin mutane. Amma manhajar da aka tura maka ta Xender ko ta wani linki ba ta bi ta Play Store ba, don haka wannan ƙa'ida ba ta kare ka daga gare ta.

A watan Yuli na 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke bin mutane suna sayen bayanan NIN da BVN a kan naira 1,500 zuwa 2,000, ana buɗe asusu da su don damfara. Ka yi tunani: idan aka karɓi kuɗin sata ko kuɗin fansa ta asusun da ke ɗauke da sunanka da hotonka, wa za a zo nema? Haka duk linkin da ke cewa gwamnati na raba tallafi ko kyautar data, cike sunanka da BVN ka tura wa mutum 10, tarko ne. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi fin ko lambar da aka turo masa.

Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da masu rajistar JAMB, ku riƙa fita daga imel ɗinku kafin ku tashi daga kwamfutar kafe, ku sa a goge hoton takardunku a gabanku, ku kuma kwashe ko da kwafin da ya lalace ne. A wurin POS, kai za ka danna fin da hannunka, ɗaya hannun yana rufe da madannan.

Doka tana bayanka

Ranar 12 ga Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka ikon tambayar kamfani abin da ya tara a kanka, da neman a gyara ko a goge, da kai ƙorafi idan an yi amfani da bayananka ba da izini ba. Manya ma ba su tsira ba, domin a watan Yuli na 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Idan kamfanin layinka ya ƙi sauraronka, kira NCC kyauta a 622. Don tsayar da saƙonnin talla, tura STOP zuwa 2442.

Sirrin wasu ma amana ne a hannunka. Kullum muna roƙon Allah Ya rufa mana asiri, to kada yatsanmu ya zama mai tona na wani. Hoton gawa, bidiyon waɗanda aka sace, ko hirar da aka yi da kai cikin amana, idan ya iso wayarka ya tsaya nan.

Idan wayar ta ɓata ko an ƙwace ta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan samu takarda ka rubuta abu huɗu, ka ajiye a gida: lambar IMEI ta wayarka, wadda za ka gani idan ka danna *#06#, lambar PUK ta layinka, lambar rufe asusun bankinka, da lambobin mutum uku na kusa da kai. Kalmar sirrin Google kuwa haddace ta. Ranar da abin ya faru, bi wannan tsari:

1. Ari wayar wani ka rufe asusun banki. Misali First Bank *894*911#, Access *901*911#, Zenith *966*911#. Tambayi bankinka nasa tun yanzu.
2. Kira 300 daga layin kamfani ɗaya da naka a rufe layin, sannan ka je ofishinsu da NIN ɗinka a dawo maka da lambarka.
3. Shiga android.com/find da asusunka na Google ka kulle wayar ko ka goge abin da ke ciki. Umarnin zai yi aiki da zarar ta hau intanet.
4. Sanar da 'yan'uwa kada su tura kuɗi ga duk wanda ya yi magana da sunanka.
5. Kai rahoto ofishin 'yan sanda da lambar IMEI. Ko taswira ta nuna maka inda wayar take, kada ka bi ta da kanka.

Idan matakan sun yi maka yawa, fara da uku a daren nan: fin na layi, fin na WhatsApp, da ɓoye saƙonni daga allon kulle. Ba za su ci maka minti 15 ba. Idan ka gama naka, karɓi wayar mahaifiyarka da ta mahaifinka ka sa musu fin na layi, ka nuna musu yadda za su riƙa buɗewa, domin ƙananan wayoyinsu ma suna haɗe da banki. Allah Ya tsare mu, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.